An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Na'urar Rubuta Maganar Likita da Rajistocin Asibitocin Ƙonni, Malbaza da Illela

Na'urar rubuta maganar likita ƴar ƙaramar makirufo ce da ma'aikacin lafiya ke maƙalawa a wuyan riga ko ya rataya, wani lokaci kuma manhaja ce kawai a cikin wayarsa ta hannu. Tana ɗaukar hirar da ke gudana tsakaninsa da marar lafiya, ta tura muryoyin ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta. A can wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ke mayar da sauti rubutu, wata kuma ta tace rubutun, ta zubar da gaisuwa da hirar duniya, ta jera saura bisa tsarin da likitoci suka saba: abin da ya kawo mutum, abin da aka gani a jikinsa, cutar da ake zato, da maganin da aka ba shi. Cikin minti ɗaya ko biyu takardar ta dawo, likita ya karanta, ya gyara, ya sa hannu.

Masu tallarta na cewa za ta raba likita da biro, ta mayar da idonsa kan marar lafiya, kuma inda ma'aikata suka fi ƙaranci can ta fi dacewa. Gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, a kudancin jihar Tawa ta Nijar, wuri ne da ya dace a auna wannan da'awa, domin sun haɗa cunkoson marasa lafiya, ƙarancin ma'aikata da tarin takardu. Matsayin wannan sharhi a fili yake. Nauyin rubutu a asibitocin yankin gaskiya ne, amma wani nauyi daban aka ƙera na'urar ta ɗauka. Duk wanda ya sayo ta yau ya raba wa ƙananan asibitoci, ya bar jaki yana dukan taiki. Akwai ayyukan da ya wajaba su riga ta, akwai kuma ɗan lungun da za ta yi amfani a cikinsa idan an cika sharuɗɗa.

Ciwon da aka haɗa maganin dominsa

A Amurka aka haifi wannan fasaha, kuma damuwar likitocin Amurka ce ta haife ta. Wani bincike da mujallar Annals of Internal Medicine ta buga a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi tare da marasa lafiya, yakan ɓatar da kusan awa biyu a gaban kwamfuta da aikin tebur. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin inshora ba ya biyan asibiti sai ya ga dogon bayani, likita kuma yana tsoron ranar da za a kai shi kotu, don haka yake rubuta duk abin da ya tambaya da duk abin da aka amsa masa. Rubutunsa labari ne mai sakin layi da yawa.

Kamfanin Augmedix ya fara da tabarau na Google Glass: likita ya sa tabarau, wani akawu a Indiya ko Bangaladash yana ji yana gani, yana buga bayanin. Daga baya manhaja ta maye gurbin akawun. Kamfanin Nuance ya fito da DAX a 2020, Microsoft kuma ya saye Nuance a kan dalar Amurka biliyan 19.7, cinikin da ya kammala a 2022. Abridge da Suki a Amurka, da Nabla na birnin Paris, duk sun shiga kasuwar.

Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka bayyana sakamakonsu shi ne na ƙungiyar likitocin Permanente a arewacin Kalifoniya, wanda ya fara a watan Oktoba na 2023. Likitoci sama da 7,000 sun yi aiki da na'urar a ganawa fiye da miliyan 2.5, aka ƙiyasta cewa ta rage musu aikin rubutu na sama da awa 15,000. Adadin yana da daɗin ji, sai dai idan aka raba shi a kan yawan ganawar, ribar ba ta kai rabin minti ba a kan kowane marar lafiya. Abin da likitocin suka fi yabawa shi ne sauƙin gajiya da samun damar kallon fuskar mai magana. Wannan riba ce ta gaske. Amma an same ta ne inda wuta ba ta ɗaukewa, kowane ɗaki da kwamfutarsa, likita da marar lafiya da manhaja kuma duk Ingilishi suke yi.

Abin da ake rubutawa a CSI

Gundumomin nan uku sun haura mutum 850,000 a ƙidayar 2012, yanzu kuwa sun wuce miliyan ɗaya. Tsarin lafiyarsu hawa-hawa ne, kamar na sauran ƙasa: ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha da cibiyar kula da uwa da yaro a birnin Tawa. A gefe akwai asibitin Galmi, cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa a 1950, mutane na zuwa gare shi daga sassan Nijar da kuma ƙetaren iyaka. Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum 20,000 ba, kuma kaso mai yawa na waɗanda ake da su suna Yamai. Saboda haka wanda mutumin Tsarnawa, Bazaga, Tajaye ko Badagishiri ke kira likita, mafi yawan lokuta ma'aikacin jinya ne, shi ne majo, shi ke duba marasa lafiya, shi ke tsare ma'ajiyar magani, shi ke haɗa rahoto.

Majo ba ya rubuta labari. Yana cika layi ne a rajista: suna, shekaru, gari, alamomi, cuta, magani. Wahalarsa tana cikin maimaici. A ɗauki yaro guda da uwarsa ta kawo da masassara. Za a shigar da shi rajistar dubiya, a rubuta a karnensa, wato ɗan littafin lafiyarsa, a rubuta takardar magani, a shigar da sakamakon gwajin jini, a rage maganin a takardar ma'ajiya, a ja masa sanda a takardar ƙirge. Idan awo ya nuna tamowa, wata takarda ta buɗe. Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar da masu awon ciki ba sa biyan kuɗin magani, gwamnati ce ke biya a madadinsu, don haka sai an haɗa takardun neman biya, kuma jinkirin biyan nan tsohon kuka ne a bakin ma'aikatan lafiya. Awon ciki da rajistarsa, haihuwa da tata, tazarar haihuwa, rigakafi, awon jarirai, tarin fuka, kowanne da littafinsa. Kowane mako ana aika adadin cututtukan da doka ta wajabta sanarwa, irin su kwalara, ƙyanda da sanƙarau. Kowane wata ana haɗa rahoton da zai shiga DHIS2, rumbun alƙaluman lafiya da jami'ar Oslo ta ƙirƙiro. Ga kuma takardun da kowane shiri da kowane mai ba da tallafi ke zuwa da nasa.

Duk wannan yana taruwa ne a lokaci mafi muni. Daga Agusta zuwa Oktoba masassarar cizon sauro ke kai ƙololuwa, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa tamowa ta yi yawa, kuma daidai lokacin da ake bi gida-gida kowane wata ana ba yara maganin rigakafin masassara, shi ma da nasa takardun. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka tambayi majo abin da ke hana shi barci a ƙarshen wata, ƙirge da kwafi zai ambata. To, wace hira ce na'ura za ta saurara ta cika takardar ma'ajiya? Wace murya ce za ta haɗa jimillar rahoton wata, alhali rajistocin na takarda ne?

Hujjar masu goyon baya

Masu goyon bayan na'urar suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa inda ma'aikaci ɗaya ke tsaye a madadin biyar, minti ɗayansa ya fi na likitan Kalifoniya tsada. Suna ƙarawa da cewa rajistar da aka cika cikin gaggawa cike take da giɓi, na'ura kuwa ba ta gajiya, ba ta mantuwa, kuma za ta adana tarihin marar lafiya wanda yanzu ke ɓacewa idan karne ya jiƙe ko ya ɓata. Wasu ma na ganin tana iya gyara halin ma'aikata. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda aka buga a 2003, ya nuna yadda ake karɓar marasa lafiya da tsawa da gajeriyar tambaya. Wanda ya san ana ɗaukar muryarsa, in ji su, zai tausasa harshe.

Amsar hujja ta farko lissafi ne. Na'urar na cin riba ne inda hira ke da tsawo, rubutu ma ke da tsawo. Dubiyar CSI a lokacin cunkoso ƴan mintuna ce, abin da ake rubutawa kuma kalmomi ne ƙalilan. Majo zai cika layinsa kafin muryar ta isa inda za ta. Idan takardar ta dawo, dole ya karanta ta kafin ya amince, karanta shafi guda na Faransanci kuwa ya fi cika layi ɗaya cin lokaci. Bayan haka rajistocin na nan suna jiransa, tunda babu kwamfutar da bayanin zai faɗa ciki ya rarrabu da kansa. An ƙara masa aiki ke nan da sunan sauƙi.

Hujjar adana tarihi gaskiya ce, amma tana buƙatar abin da babu tukuna: lambar shaida ga kowane marar lafiya da rumbun da asibitoci ke tarayya a kansa, yadda wanda aka duba a Malbaza za a gane shi a Ƙonni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Batun gyaran hali kuma, sa ido da makirufo ba ya rage layin mutane a ƙofa, kuma layin nan na cikin abin da ke gajarta haƙurin ma'aikaci.

Da wane harshe za ta saurara?

Nan ne babban cikas. A asibitocin yankin ana hira da Hausa, wani lokaci da Fulatanci ko Buzanci ta bakin tafinta, amma ana rubutu da Faransanci. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, sai dai rajistoci da littattafan horar da ma'aikata ba su canja harshe ba. Na'urar da ke aiki biyu a Amurka, ji da taƙaitawa, a nan sai ta yi uku, ta ƙara da fassara. Kowane mataki da nasa kuskure, kuskuren farko kuma yana hayayyafa a na biyu da na uku.

Manhaja ba ta gane magana sai wadda aka horar da ita a kai. Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da ita da sauti na awa 680,000, kusan kashi biyu cikin uku Ingilishi ne. Hausa na cikin jerin harsunanta, amma rabonta ɗan kaɗan ne, kuskurenta a Hausa kuma mai yawa. Kamfanin Meta ya fito da tasa a 2023 mai harsuna sama da 1,100, wadda aka gina mafi yawanta a kan karatun littattafan addini. A Nijeriya an yi ƙoƙari abin yabo. Shirin NaijaVoices ya tara sauti na kimanin awa 1,800 cikin Hausa, Yarabanci da Ibo, kamfanin Intron Health kuma, wanda wani likita ɗan ƙasar ya kafa, ya mai da hankali kan yadda likitocin Afirka ke furta Ingilishi. Duk da haka, mutumin da ke karanta jimla a ɗaki marar hayaniya daban yake da uwar da ke bayani ɗanta na kuka a bayanta.

Sannan wace Hausa? Abin da aka fi tarawa daidaitacciyar Hausa ce mai bin karin Kano. Mutumin Ƙonni da na Adar cewa suke zahi da hwari da sunka zo, masassara suka sani inda Bakano ke cewa zazzaɓi, zawo inda yake cewa gudawa. Ma'aikacin kuma yana cakuɗa Hausarsa da palu da tansiyo da sunayen magunguna na Faransanci. Ko an warware wannan, akwai abin da ba ya fita ta baki. Mace za ta ce sanyi ke damunta, ta bar ungozoma ta gane sauran daga sunkuyar da kanta. Wata ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba. Kaka ce za ta amsa tambayar da aka yi wa uwa, miji ya amsa wadda aka yi wa mata. Shekarun yaro a ce da kaka aka haife shi, bara waccan. Mutum ya ɗora hannu a gefen ciki ya ce nan ne. Majo yana da ido, ya kuma san mutanensa. Makirufo kunne kawai gare ta.

Idan ta yi ƙarya, wa za a kama?

Manhajar nan ba ta cika cewa ban ji ba. Inda ba ta ji ba, takan cike gurbi da abin da ya yi kama da magana. Wani bincike da masana daga jami'ar Cornell da wasu jami'o'in Amurka suka gabatar a 2024 ya gano jimlolin ƙage a kusan kashi 1 cikin 100 na guntayen sautin da suka gwada da Whisper, kuma da Ingilishi aka yi gwajin. A watan Oktoba na wannan shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa manhajar Nabla, wadda aka gina a kan Whisper kuma dubban likitoci ke aiki da ita, tana goge sautin asali bayan ta gama rubutu, abin da ke nufin babu inda za a koma a tantance.

A asibitin yara ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Maganin yaro da nauyinsa ake aunawa. Idan hayaniya ta haɗiye kalmar sha, kilo sha takwas ya koma takwas. Idan ta haɗiye ba, yaron da ba ya amai ya zama mai amai. Hukumar lafiya ta Ingila, a ƙa'idojin da ta fitar a watan Afrilu 2025, ta ɗora wa ma'aikaci alhakin duba abin da na'ura ta rubuta kafin ya amince da shi. Kamfanoni ma haka suke rubutawa a yarjejeniyarsu. Ma'ana, kamfani ya karɓi kuɗi, laifi kuma na majo. Ma'aikacin da ya gaji, ya ga takarda tsaf da Faransanci mai kyau, yaushe zai tsaya bin ta kalma bayan kalma? Rubutun hannu mai giɓi yana nuna giɓinsa. Rubutun na'ura yana ɓoye nasa, garin gyaran gira a rasa ido.

Sirri da amana

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rabin aikin ungozoma riƙe sirri ne. Matar da ta zo karɓar maganin tazarar haihuwa ba da sanin dangin miji ba, yarinyar da ta yi ɓatan wata, magidancin da ke ɗauke da cutar da yake jin kunyar ambata, dukansu suna magana ne don sun yarda maganar za ta tsaya a ɗakin. Ranar da labari ya bazu a kasuwar Badagishiri cewa abin da ke maƙale a rigar likita yana ɗaukar murya yana aikawa ƙasar waje, wasu za su daina faɗin gaskiya, wasu su daina zuwa. Arewacin Nijeriya ta ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a 2003, kuma Ƙonni da Illelar Sakkwato kasuwa ɗaya suke ci, labari ɗaya suke ji.

Masu goyon baya na cewa ai za a nemi izinin marar lafiya. Wane irin izini ne wannan, daga matar da ta yi tafiyar awa biyu a amalanke, ɗanta na suma a hannunta, wanda zai ceci ɗan kuma shi ke tambaya? Wa zai ce wa likita a'a? Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP mai kula da ita. Amma ikon hukumar yana ƙarewa a bakin iyaka, kwamfutocin kamfanonin kuwa suna Amurka ko Turai. Magana zarar bunu ce. Ƙasar da ta sa ƴancin kai a gaban komai ba za ta iya barin muryoyin marasa lafiyarta su tafi inda ba ta da ta cewa ba.

Wuta, rezo da kuɗi

Na'urar na buƙatar caji kullum da intanet a kowace ganawa. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take zuwa. An katse ta a watan Agusta na shekarar, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma layin wuta bai kai yawancin ƙauyuka ba. A CSI da dama ɗan faifan hasken ranar da ke akwai na firjin rigakafi ne da fitilar ɗakin haihuwa. Rezo yana da ƙarfi a bakin babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni, Malbaza da Galmi, yana raguwa da zarar an saki kwalta.

Ana iya cewa faifan rana ya yi araha, Starlink kuma ya fara aiki a Nijar a 2025. Gaskiya ne, kuma duk CSI ta cancanci samun su ko da na'urar ko babu ita. Saura kuɗin wata. A Amurka ana biyan daga kimanin dala 100 ta Amurka zuwa ɗaruruwa a kan kowane likita duk wata. Mafi arahar ya haura mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda ke jika 42. Da wannan kuɗin za a iya ɗaukar matashin da ya yi karatu ya zauna yana cika rajistoci, yana ƙirge, yana haɗa rahoto, mai jin Hausar garin, wanda ba ya tsayawa idan rezo ya ɗauke. Idan kuma wani mai tallafi ne zai biya, rufe hukumar USAID a 2025 ya isa darasi. Wanda ya hau dokin aro, a tsakiyar hanya ake sauke shi.

Masu cewa a yi watsi da ita gaba ɗaya

Akwai ɓangare na uku, masu cewa wannan kayan ƙasaitar Turawa ne, a bar zancensa har sai kowace CSI ta sami ruwa da magani. Su ma sun yi kuskure. Murya ita ce hanyar da mutanen yankin suka fi sakewa da ita a waya. Ɗan kasuwar albasar Galmi da bai yi boko ba yana ciniki da Abijan da Akara ta saƙon murya a WhatsApp. Fasahar gane magana tana gyaruwa kowace shekara, kuma akwai ƙananan manhajoji masu aiki cikin waya ba tare da intanet ba. Idan masu Hausar yamma suka naɗe hannu, wasu za su ƙera abin da Hausar da suka samu, a kawo shi a yadda yake.

Kuma akwai inda na'urar za ta yi aiki tun yanzu. Likitan tiyata a Galmi ko a asibitin gunduma yana rubuta dogon bayani bayan kowace fiɗa, da takardar sallama, da takardar tura marar lafiya zuwa Tawa ko Yamai. Wannan rubutun labari ne, da Faransanci ake yin sa, manhajoji kuma sun ƙware a Faransanci. Idan likita ya keɓe bayan aiki ya yi wa na'ura shifta, babu muryar marar lafiya a ciki, babu fassara, shi ya faɗa kuma shi zai karanta. Shifta da sauraron hira abubuwa biyu ne, kuma haɗa su a tukunya ɗaya ne ke rikita muhawarar.

Abin da ya kamata ya riga wani

Matakin farko ba ya buƙatar ƙirƙirarriyar basira. Ma'aikatar lafiya ta zaunar da shirye-shiryenta da masu tallafi, a bi takardun CSI ɗaya bayan ɗaya, a tambayi wa ke karanta kowane adadi da shawarar da aka taɓa yankewa da shi. Wanda ba shi da amsa a soke shi, masu maimaita juna a haɗe su.

Na biyu, a shigar da bayani sau ɗaya, na'ura ta yi ƙirgen. Burkina Faso ta nuna hanya da rajistar dubiya ta kwamfutar hannu, wadda ƙungiyar Terre des hommes ta haɓaka tare da ma'aikatar lafiyar ƙasar, ta bazu zuwa ƙananan asibitoci sama da dubu. Tana jan ma'aikaci tambaya bayan tambaya bisa ƙa'idar duba yara, tana aiki ko babu rezo. Irin wannan ce ke taɓa ainihin ciwon majo, kuma sai tana nan murya za ta sami inda za ta zuba abin da ta ji.

Na uku, wuta mai zaman kanta a kowace CSI da ma'aikacin alƙaluma a waɗanda suka fi cunkoso. Na huɗu, a tara muryoyin Hausar yankin da yardar masu su, ba a ɗakin dubiya ba, rumbun ya zauna cikin ƙasa. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ta Abdu Mumuni a Yamai da ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi na iya ɗaukar aikin, jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuma tana da masana wannan karin harshe.

Sai a ƙarshe gwaji, ƙarami, a asibiti ɗaya ko biyu, na shifta kawai. Sharuɗɗansa su kasance a rubuce tun farko: kada muryar marar lafiya ta shiga, kada sauti ya bar ƙasa, HAPDP da kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa su amince, kamfani ya ɗauki rabonsa na alhaki idan manhajarsa ta yi ƙage. A auna abu uku kafin gwajin da bayansa: mintunan da rubutu ke ci har da na gyara, yawan kurakuran da suka tsallake idon likita, da abin da za a kashe a shekara idan tallafi ya ƙare. Waɗanda za su yi awon kada su kasance masu sayarwa, ma'aikatan da suka yi aiki da na'urar kuma a ba su ikon cewa a tsaya. Idan alƙaluman suka nuna riba, a faɗaɗa zuwa sauran asibitocin gundumomi. Idan ba su nuna ba, kuɗin ya koma ga ɗaukar ma'aikata da sayen magani.